Hoton waya a kan layin fakis

A shagona na buga takardu da ke unguwar Zango, nan Damagaram, har yanzu akwai masu neman a tura musu takarda ta fakis zuwa ofisoshin ƙetare, kuma ina yin hakan da manhajar da ke mayar da imel fakis. Rubutu yana tafiya lafiya, amma hoton da aka maƙala yana buƙatar kulawa.

Fakis na yau da kullum baƙi da fari kawai ya sani, kuma faɗin takardar A4 a wurinsa ɗigo 1728 ne. Saboda haka manhajar tana juya hoton daga JPEG, tsarin da waya ke adana hoto, zuwa TIFF, tsarin da ya dace da fakis, ta rage shi har ya shiga wannan faɗi, sannan ta warwatsa baƙaƙen ɗigo su maye gurbin ruwan toka. A ƙaramin inganci, kowane inci yana da ɗigo 204 a kwance, amma layuka 98 kawai a tsaye, kuma idan manhajar ba ta lissafa wannan bambanci ba, hatimi mai zagaye yakan isa kamar ƙwai.

Na taɓa tura wa wani dattijo takardar haihuwar ɗansa, hatimin ya lalace, aka ƙi karɓarta, abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga ranar nake zaɓar babban inganci mai layuka 196 a kowane inci, kuma nake yanke gefen hoton kafin in tura.