Kura da jarka a Gombe

Duk wanda ya dawo daga cin-rani a garinmu, can wajen Dungas ta jihar Damagaram, jarumi ne. Zai zauna a dandali da sabuwar rediyo yana ba da labarin Najeriya, yara sun buɗe baki. Abin da ba ya faɗa shi ne da me ya sayi rediyon. Ni yau zan faɗa, don a ganina nan ne labarin yake da daɗi.

Ta Maigatari na shigo, ranar Alhamis ta kasuwa, na bi Kano, Darazo, Dukku, har Gombe wurin wani kawuna da ya daɗe yana garuwa a Pantami. Harshe bai ba ni wuya ba. Garin na Fulani ne da Tera da Bolawa da Tangale da sauransu, amma Hausa ce ta kasuwa. Ina buɗe baki dai ake ce min Buzu, ni kuwa ko kakana bai taɓa hawa raƙumi ba. Na bar musu.

Washegari kawu ya damƙa min kura. Jarka 12 ce a ciki, kowacce lita 20, wato kilo 240 na ruwa ban da nauyin ƙarfen. Gombe kuwa ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne: tudu ne da gangare da yashi, ga kwaruruka da zaizayar ƙasa ta yanka tsakiyar unguwanni. Ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, tafiyar kilomita kusan 40, kuma ba kowane layi yake kaiwa ba. Inda famfo ya gaza, nan muke ci.

Hawa ba shi ne abin tsoro ba. A hawa ƙirji kake sawa, ka kafa yatsun ƙafa cikin yashi, ka tura. Gangare ne mugu, don kura ba ta da birki. Kai ne birkin. Ka ja da baya, ka danne hannun ƙasa, silifas na zamewa, ga ɗan acaɓa ya ɓullo ta kwana, ga akuya, ga yaro da tallan awara. In ka iso ƙasa jarka ko ɗaya ba ta fashe ba, kawu yakan ɗaga hannu daga inuwa ya yi maka kirari: "Sai kai toron giwa, ɗan Damagaram jikan Tanimu!" Da farko dariya abin ke ba ni. Sarki Tanimu da ya yi ganuwa ya ƙera igwa, ina shi ina mai tallan ruwa? Amma na lura yaran da ke turin a matsayin wahala kawai ba sa kai damina, sai su tattara su koma. Masu zama su ne waɗanda da dare, a teburin mai shayi, kowa ke ba da labarin gangarensa kamar wanda ya dawo daga kokawar takobi, babbar gasar kokawa ta Nijar.

Abokan karawar ma sun yi yawa. Ƙarshen 2022 aka canja takardun naira, farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace. Hajiya za ta aiko yaro: "Mai ruwa, an ce ka ba da lambar asusunka." Wane asusu, ni da ba ni da katin ɗan ƙasa? Sai muka riƙa ba da lambar wani mai POS, yana cire ladansa, wasu gidajen kuma muka koma karɓar tuwo da masara. A watan Mayu aka cire tallafin mai, mai rijiyar burtsatse ya ce janareta ba ruwa yake sha ba, ya ƙara kuɗin ɗiba. Mu muka sha zagin masu saye. Sannan sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka har Maris na 2024. Aike gida ya koma sai ta hannun wanda ka yarda da shi, kuma nairar da sefa jaka guda ke ci ta ninka. Gumi ɗaya, rabin hatsi.

Ba zan ɓoye alherin mutanen garin ba. Akwai wata tsohuwa a layinmu, Dada muke ce mata, ba ta taɓa barin in juye ruwa a randarta in fita haka ba. "Ɗan nan, zauna ka sha fura tukuna." In na ce ina sauri, sai ta ce ruwan ba guduwa zai yi ba.

Yanzu kurar da nake turawa tawa ce, na daina biyan haya kullum. Bana ƙanena ya iso daga gida. Na fara shi da jarka 6 a layin da babu gangare, ya ce raini ne, shi ma 12 yake so. Na ce ya bari sai bayan salla.