Yajin aikin ƴan adaidaita ya ƙare, kuɗin hawa bai sauko ba

Masu cewa yajin aikin direbobi ya daina cizo a Maraɗi, yawancinsu maza ne masu moto a zaure. Da gaskiyarsu ta wani gefen. A da in ƴan taksi suka ajiye makulli, gari cak yake tsayawa. Yanzu ga kabu-kabu a kowace kwana, ga adaidaita, ga waya a hannun kowa. Wannan ya ƙi fita, wancan ya ci kasuwarsa. To amma su tambaye mu, mu masu fita da kaya da goyo.

A unguwar Zariya nake, rumfata tana Babbar Kasuwa. Ranar da ƴan adaidaita suka tsaya ta faɗo Litinin, ranar kasuwa, lokacin da mutanen Tibiri da Madarumfa ke shigowa sari. Dilar atamfa ba ta hawa kabu-kabu tare da mai ita. Dole na ɗauki biyu, ɗaya ni da yarinya, ɗaya kaya, idona na kan na gaba kar ya ɓace mini a cunkoso. Tafiyar da na saba biyan dala arba'in, ranar jika guda ta ci, wato dala ɗari biyu. Na ce wa yaron, "Ɗana, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Hajiya, yau ranarmu ce." Ko kunya babu.

Wannan na haɗiye, yini ɗaya ne. Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne da suka koma aiki, dala arba'in ɗin ba ta dawo ba. Sittin suka tsaya. Sun ga mun biya jika ba mu mutu ba.

Ba na ce ba su da kuka ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa na bakin titi ya daina araha, kuma da shi akasarinsu suka dogara. Ga balas na mai keke kullum yamma, ga tara. Sai dai a Yulin 2024 an rage litar mai a nan Nijar daga sefa 540 zuwa 499, ban ga direban da ya rage mini ko dala ba.

Yanzu lambar direba ɗaya ɗan unguwarmu tana wayata, wata-wata muke lissafi, kuma shi ke raɗa mini in sandikarsu, wato ƙungiyarsu ta direbobi, na shirin tsayawa. Da na ji, tun Lahadi da yamma nake tura kaya rumfa a amalanke. Jakin ba ya sauri, amma dila huɗu yake ɗauka, kuma mai shi har gobe dala ɗari yake karɓa.