Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gindin Agogon Leicester

Makon jiya na tsaya ne a inda na sauka Ingila, Satumban 2016, shekarar da Ahmed Musa ya koma ƙungiyar Leicester. Ɗan Kawu, wanda Baba ya riƙe shekara shida a gidanmu, shi ya ce mini a waya: "Ƙanena, kana sauka daga mota ka tambayi agogo, kowa ya san shi. Ƙarfe biyu ina nan."

Gaskiyarsa, kowa ya san shi. Hasumiya ce ta dutse a tsakiyar gari, dab da kasuwa, inda tituna biyar suka haɗu, agogo ta kowace fuska huɗu. A 1868 aka gina ta. Na ajiye akwatina, da ƙullin kilishi da yajin da Inna ta ba ni in kai masa. Biyu ta yi, uku ta wuce. Yayyafi ya sauko, babbar rigata ta jiƙe sharkaf, ga shi ba ni da layin waya na ƙasar. Baba kullum cewa yake alkawari kaya ne. Ni kuwa a tsaye nake da kayan wani.

Don kada hawaye ya zubo a gaban mutane, sai na riƙa zagaya ginin ina karanta sunayen mutum-mutumi huɗu da ke kusurwoyinsa: Simon de Montfort, William Wyggeston, Thomas White, Gabriel Newton. Daga baya na ji labarin White. Attajiri ne da ya ware dukiya tun 1542 don a riƙa ba matasa rancen jari ba ruwa, kuma har yau ana bayarwa a garin. Mutumin da ya shekara fiye da ɗari huɗu a ƙasa bai sauke kayansa ba. Nawa ɗan'uwan, mai rai da lafiya, yana cikin garin nan.

Daga baya da Baba ya rasu, ranar sadakar uku ɗan Kawun nan ya zo, ya zauna kusa da ni a kan tabarma, har yana ce wa mutane ai shi ya karɓe ni a Turai. Ban tanka ba, saboda idon Kawu. Baba da ya ce alkawari kaya ne yana kwance a maƙabarta, wa zan kai wa ƙara?

A gindin agogon kuwa, ƙarfe shida da kwata wani dattijo ɗan Somaliya ya yi mini sallama, ya ɗauki akwatin, ya kai ni masallaci. A can na kwana. Shi na ba kilishin.