Ruwan daren jiya bai kwana a kan ciyawata ba

Jama'a, yau ana sallame sallar asuba ko carbi ban tsaya ja ba, na ɗauki tocila na nufi shago. Tun bayan isha'i ake zabga ruwa irin na watan Agusta, ni kuwa barci ya ƙi zuwa. Na taka ciyawar robar da na shimfiɗa a gaban shagon daga wannan kusurwa har waccan, babu inda ƙafata ta nutse, babu inda ruwa ya ɓullo ta tsakanin yatsuna. Wallahi sai da na zauna kan benci ina dariya ni kaɗai.

Waɗanda suka ga hotunan bara sun san inda na fito. Filin gaban shagon ne, wato gidan kallon ƙwallona, a ƙauyenmu nan wajen Auyo, mita 12 da mita 8. Na sayo nadi ɗaya na ciyawar roba mai faɗin mita 4, na yanka shi uku. Da rani abin gwanin sha'awa, har masu ɗaurin aure suna zuwa ɗaukar hoto. Damina na sauka ta koma kamar katifar da yaro ya yi wa fitsari. Ka taka nan, can ya kumbura. Ga warin ruɓa, ga sauro, masu shan shayi duk suka kwashe bencina suka koma bakin titi.

Na daɗe ina ɗora wa ciyawar laifi, har na kira wanda ya sayar mini na faɗa masa maganar da daga baya na ba shi haƙuri. Ashe ita ba ruwanta. Ramukan da ke bayanta suna zubar da ruwa yadda ya kamata, inda ruwan zai je ne babu. Ƙasarmu ta nan laka ce irin ta fadama, wadda ke darewa da rani har ka zura hannu a tsagar, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura ta toshe kanta. Ni kuma da wayona na haƙe filin, na cika shi da yashi, na shimfiɗa ciyawa a kai. Baba magini da ya zo dubawa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, ai kasko ka gina ka rufe shi da tabarma." Da muka ɗaga shimfiɗar, yashin da na saya da kuɗina ya haɗe da laka ya zama kunu.

Bana sai na koma tun daga tushe. Mun kwashe komai, muka gyara fuskar lakar kanta ta karkata, santimita ɗaya a kowace mita, wato santimita 8 daga bakin shago zuwa gefen lambatu. Da farin tiyo cike da ruwa muka auna, ni a wannan kai, ƙanena a wancan, yana ta mitar wai santimita 8 ba za ta tsinana komai ba. A nan ne na fi shan wahala, don laka ba ta ba ka lokaci. In ta jiƙe ta manne wa shebur, in ta bushe sai diga. Kwana biyu kacal muka samu tana daidai, mai ɗan danshi.

Daga nan sai farin bargon nan da ake shimfiɗawa tsakanin ƙasa da dutse. Don Allah kada wanda ya ce muku leda za ta maye gurbinsa. Shi ruwa yana ratsa shi, laka ce yake hanawa hawowa cikin dutse. Leda kuwa wani kaskon ne. A kansa muka zuba fasasshen dutse kaurin santimita 15, sai garin dutse kamar santimita 3.

Dutsen nan shi ya ƙona ni. Yankinmu ko na jifan kare sai ka nema, dole daga wajen Dutse tifa ta kawo, kuma kuɗin motar ya kusa kamo kuɗin kayan. Injin daɓe kuma na ɗauko haya daga Haɗeja naira 25,000 a yini, ban da mai, ya mutu mana sau biyu kafin azahar. Kusurwoyin da bai shiga ba da madaɓi muka ƙarasa, irin wanda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki da shi.

To, ga wautar da ta kusa mayar da ni gidan jiya. A gefen gangaren na haƙa rami na kwantar da fayif mai inci 4 da na huda da kaina, na binne shi da tsakuwa. Sai na juya hudar fayif ɗin sama, a tunanina ai daga sama ruwa ke zuwa. Ruwan farko a watan Yuni, gefen nan ya sake cika taf. Na kwana ina juyi. Ashe ruwa a gindin rami yake taruwa yana hawowa, in hudar na sama sai ya cika ramin kafin ya sami ƙofa, ga garin dutse yana zubowa yana toshe ta. Muka tone mita 12 ɗin nan kaf, muka juya hudar ƙasa, muka naɗe tsakuwar da ragowar bargon, muka kuma sauke bakin fayif ɗin ya fita lambatu sosai. Yau da safe na tsuguna ina kallon ruwa na fita ta bakinsa, fari tas, ba ɗigon laka.

Saura abu ɗaya. Mahaɗa ta biyu, inda na manne yankan ciyawar biyu, ta ɗan ɗaga kamar taki ɗaya daga gefen gabas, ina zargin na shafa gam ɗin ne garin dutsen bai gama bushewa ba. Wanda ya taɓa gyara mahaɗa a tsakiyar damina ya faɗa mini, in jira rana ta yi kwana biyu ne, ko in ɗora mata bulo zuwa kaka? Asabar akwai wasa, yara kuma ba za su fasa guje-guje a wajen ba.