Rumfa da dandamali a tsakar gida: lissafin kaya kafin a kira magini

Duk wanda ya tambayi nawa zai kashe ya yi wurin zama a tsakar gida, amsar da zai fi ji ita ce "ya danganta". Gaskiya ce, amma ba ta taimaki kowa ba. Farashin siminti da kwano yana canzawa kafin wata ya ƙare, na Kano daban, na Maiduguri daban, na Maraɗi daban. Abin da ba ya canzawa shi ne yawan kayan da wurin zai ci. In ka san buhu nawa, bulo nawa, katako nawa, kai da kanka za ka je kasuwa ka ninka da farashin ranar, kuma ba mai iya cusa maka buhu goma da aikin bai buƙata ba.

Zan yi lissafin a kan wuri mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, kusan ƙafa 13 da ƙafa 10 ke nan, jingine da bangon ɗaki. Ya isa tabarma biyu manya ko kujeru shida da ƙaramin tebur.

Mutane da yawa suna ganin hotunan gidajen Amurka da Kanada, inda ake ɗaga dandamali na katako zalla a bayan gida, sai su ce irinsa suke so. A can katakon da suke amfani da shi an dura masa magani da matsin inji har cikin ɓargonsa, kuma irin wannan ba kasafai ake samunsa a kasuwannin katakonmu ba. Namu shafa masa magani ake yi a fata. Gara za ta same shi, hunturu zai busar da shi ya tsage, damina ta kumbura shi ƙusoshi su ɗago. Ga kuma kogon da ke ƙarƙashi, maɓoyar ɓera da kunama da maciji, a gidan da yara ke yawo ba takalmi. A wurinmu ƙasa ta zama kankare, katako ya hau sama inda ruwa ba ya kwanciya a kansa. A kan haka lissafin nan yake.

Kafin a haƙa komai, a duba abu uku. Na farko, kada dandamalin ya hau kan sokawe ko bututun ruwan wanka, don ranar da ya toshe sai an fasa. Na biyu, ina wurin yake fuskanta. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, rumfar da bakinta ke kallon gabas za ta sha feshin ruwa, mai kallon yamma kuma ba ta zaunuwa daga azahar zuwa la'asar sai da labule ko bishiya. Na uku shi ne tsayi: saman daɓen ya kasance ƙasa da dokin ƙofar ɗaki da aƙalla santimita 5, in da hali 10. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, a gama aiki mai kyau sai ruwan farko ya gangara cikin falo.

Harsashi

A kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, kamar santimita 15, a kwashe ta gaba ɗaya. Sai a haƙa rami kewaye da wurin, zurfin santimita 45, faɗin 45. Kewayen mita 14 ne. A zuba kankare mai kaurin santimita 15 a gindin ramin, haɗin siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida. Zai ci buhu 5. A kansa a jera bulo mai inci tara layi biyu, kowane layi kusan 31, a sayi 70 saboda masu fashewa a hanya. Jerin zai ci buhu 2. Da wannan, idan an zuba daɓe, dandamalin zai ɗago santimita 30 daga ƙasa, taki ɗaya ko biyu na matakala.

Inda ƙasa baƙar laka ce mai tsagewa da rani, kamar yadda ake samu a sassan Borno da Adamawa, wannan zurfin bai isa ba. Irin wannan ƙasa tana kumbura da ruwa ta kuma motse, tana ɗaga gini tana saukewa. Nan sai an ƙara zurfi, an sa rodi a harsashin, an cike da ƙasar da aka kawo daga wani wuri.

Ginshiƙai shida na bututun ƙarfe za a yi, uku a gaba uku a jikin bango. Ban yarda da dasa katakon rufi a jikin bangon ɗaki da ƙusa ba, domin bulo mai rami ba ya riƙe komai, iska tana jijjiga shi har ya kwance ya bar tsaga. A gurbin kowane ginshiƙi a faɗaɗa ramin ya zama santimita 50 kowane gefe, kankaren ya kai kaurin 30, a dasa rodi mai milimita 12 guda huɗu su biyo ta ramin bulon zuwa sama, a cika ramin da kankare, a kafa farantin ƙarfe a kai daidai da saman daɓe. Sandar rodi biyu ta isa, siminti buhu 4. Amfanin farantin biyu ne: ƙarfen ginshiƙi ba ya shiga ƙasa ya yi tsatsa, kuma kowace sandar bututu mai mita 6 za ta fitar da ginshiƙi biyu.

Ciko da daɓe

Nan ne aikin ke lalacewa ba tare da mai gida ya gani ba. Cikin akwatin bulon zai ci jar ƙasa ko marmara kusan kubik mita 4 kafin a danne. Lebura suna son su juye ta gaba ɗaya su baje su yayyafa ruwa su ce ta zauna. Ba ta zauna ba. A zuba santimita 15, a jiƙa ba tare da ta zama taɓo ba, a daɓe da ƙarfi, sannan a ƙara wani. Cikon da ba a danne ba yana nutsewa a hankali bayan damina ɗaya ko biyu, ya bar rami a ƙarƙashin kankaren, tsakiyar ta tsage, in ka taka ka ji tana amsawa kamar ganga. Gyaransa fasawa ne, babu wata dabara. Kuma kada a yarda a cusa guntayen katako, buhunan siminti ko shara a cikin cikon, abincin gara ne aka ajiye mata a ƙarƙashin gida.

Bayan an danne, a fesa maganin gara a kan cikon da gefen bangon ɗaki bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar, a shimfiɗa baƙar ledar gini, bakinta ya hau kan juna da taƙi ɗaya. Ledar tana hana danshi hawowa, tana kuma hana ƙasa shanye ruwan kankaren kafin ya kama. In za a sa fanka ko ƙwan lantarki, yanzu ne lokacin binne bututun waya zuwa gindin ginshiƙi ɗaya.

Daɓen kansa kaurin santimita 10 ne, kubik mita 1.2 ke nan. Haɗinsa ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwa, domin buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Zai ci buhu 8. Ruwa kuma kamar jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Masu kwaɓi suna son ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, amma kankare mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi, samansa yana zama gari. Ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin tana hana tsaga buɗewa, kuɗinta bai kai na gyara ba. A ba daɓen gangara ta santimita 4 zuwa 5 daga bango zuwa bakin waje, a auna da igiya da ma'aunin ruwa, ba da ido ba.

Sai ban ruwa, safe da yamma, kwana 7 a ƙalla. A lokacin hunturu da bazara a rufe da buhunan algarara ko yashi mai laima, don iskar tana busar da saman cikin sa'o'i kaɗan. Da buhu ɗaya na filastar gefe, jimlar siminti ta zama buhu 20. Yashi da tsakuwa kowanne bai kai ƙaramar tifa ba, don haka in maƙwabci yana gini ya fi sauƙi a haɗa a raba.

Tayil zaɓi ne. In za a sa, a sayi murabba'in mita 14 saboda yanka, a ƙara buhu 3, a kuma zaɓi mai kaushi. Mai santsi yana kayar da tsofaffi da yara ranar ruwa.

Rufi

Bututun ƙarfe mai inci uku, kauri milimita 3, sanda uku. A yanka na baya mita 2.9, na gaba 2.4, bambancin rabin mita shi ne gangarar rufin. A riƙa duba kaurin bututun a shago, don akwai siriri mai kama da shi da ake sayarwa da arha, walda tana huda shi. Mai walda ya kewaye gindin gaba ɗaya, ba ɗigo huɗu ba, a goge a shafa jan fentin hana tsatsa kafin fenti na ado. In tsayin bakin rufin ɗakin bai kai mita 2.9 ba, a rage duka biyun daidai, amma na gaba kada ya gaza 2.1.

Katako a kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, mita 3.6. Ana buƙatar 2x6, wato mai inci biyu da inci shida, guda 4 don dogayen da za su kwanta kan ginshiƙai gaba da baya, mahaɗinsu ya faɗo a kan ginshiƙin tsakiya, ba a sarari ba. Rafta, wato katakon da ke gangarowa daga baya zuwa gaba a kan dogayen, 2x4 guda 7, tazarar santimita 75. Na kwanciyar kwano 2x3 guda 8, layi biyar. A zaɓa da hannu ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga kowanne a hango tsawonsa, a ajiye mai lanƙwasa da mai ɓawo a gefe da mai ƙananan huji masu fitar da gari. Farin katako irin obeche yana da arha da sauƙin ƙusa, amma ƙwari suna cinsa da wuri. Jan katako mai nauyi ya fi tsada, shi ne kuma na sayen. Wanda ke inda ake samun azarar giginya mai kyau, tana jure gara fiye da yawancin abin da ke kasuwar, sai dai tana da nauyi kuma ba kowane kafinta ne ya iya aiki da ita ba. Maganin katako irin Solignum a shafa shi a ƙasa kafin a ɗora, hannu biyu, a kuma sake shafa duk bakin da zarto ya yanka. Baƙin mai kaɗai yana baƙanta katako ne, ba ya tsayar da gara na dogon lokaci.

Rufin zai kai mita 4.6 da 3.5, da ɗan fifiko a gaba da gefuna. Kwano na gargajiya mai ƙafa shida zai ci falle 16 zuwa 18, wato bandir ɗaya mai falle 20 ya wadatar. Dogon kwano na alminiyam da ake yankawa a kan awo ya fi tsada, amma ba shi da mahaɗi a tsakiya, kuma a gangara kaɗan irin wannan mahaɗin ne ke yoyo. In shi za a saya, kada kaurinsa ya gaza milimita 0.45. Ƙusa mai hula a kan tudun kwanon ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Rumfa ba nauyi ke kayar da ita ba, iska ce ke shiga ta ƙasa ta ɗaga ta, musamman a guguwar farkon damina. Saboda haka kowace rafta a ɗaure ta da langa-langa a jikin dogon katakon, shi kuma a ɗaure shi da ƙusa mai noti a kunnen ƙarfen da aka yi wa walda a kan ginshiƙi. Wannan ɗaurin kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi kafinta ya fi tsallakewa in ba a tsaya a kansa ba. Inda kwanon ya haɗu da bango a tsaga filasta a cusa lanƙwasasshen kwano a liƙe, in ba haka ba ruwa zai bi bango ya sauka a bayan masu zama. A lura kuma da inda ruwan rufin zai zuba, kada ya zama katangar maƙwabci ko gindin harsashin.

Kuɗin aiki da abin da ake mantawa

Mutum huɗu za a biya: magini da leburorinsa, mai walda, kafinta, da mai wuta in akwai. Jinga ta fi biyan yini a irin wannan ƙaramin aiki, amma a raba ta gida-gida, harsashi da bulo, ciko da daɓe, ginshiƙai, rufi, kowane a biya bayan an gani. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kawo mutum wurin aiki. Ciko kaɗai nake ba da shawarar a biya da yini a tsaya a kai, domin mai jinga sauri yake so, dannewa kuwa ba ta son sauri.

Dako, ruwa da kwashe ƙasar da aka haƙo ba sa shiga takardar magini, amma daga aljihunka za su fita. Haka ƙusa mai inci uku da inci huɗu, wayar ɗaure rodi, katakon da za a tare bakin daɓe da shi, da man janareta na mai walda in ba wuta. Bayan an tara komai a ƙara kashi goma cikin ɗari.

In kuɗin bai kai a yi gaba ɗaya ba, a yi ƙasan da farantan ƙarfen a bana, a shafa musu fenti a rufe, rufin ya jira baɗi. Siminti kuma kada a saya fiye da na mako biyu a ajiye, musamman da damina, kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango.