Yadda muka auna ratar da ke tsakanin gas da ɓoyayyen abu

A hunturun da ya wuce na zauna da ɗalibaina a ɗakin kwamfuta na makarantarmu da ke Kaduna, muka sauke hotuna biyu na gungun galaksi (wato manyan tarin taurari) da ake kira Bullet, wanda haskensa ya yi tafiyar kusan shekara biliyan 3.7 kafin ya iso gare mu. Gungu biyu ne suka yi karo, ƙaramin ya ratsa babban ya wuce. Hoto na farko na'urar hangen nesa ta Chandra da ke sararin samaniya ce ta ɗauke shi, yana nuna gas mai tsananin zafi, na biyun kuma taswirar nauyi ce da aka lissafa daga yadda gungun ke lanƙwasa hasken galaksin da ke can bayansa.

Da farko na ɗora hotunan ɗaya bisa ɗaya ba tare da na daidaita ma'auninsu ba, sai ratar da masana suka ce tana tsakanin gas da nauyin ta ɓace, har na fara zarginsu. Laifina ne. Da muka daidaita su da matsayin taurarin da ke ciki, sai abin ya fito fili: gas ɗin ɓangarorin biyu ya gwabza ya tsaya a tsakiya, amma nauyin ya bi galaksin ya yi gaba, alhali gas ya fi dukan taurarin gungun nauyi. Wannan ce hujjar da masanin taurari Douglas Clowe da abokan aikinsa suka kafa a 2006, cewa mafi yawan nauyin na wani abu ne da ba ya fitar da haske, kuma ba ya gwabzawa kamar gas. Shi ne ake kira ɓoyayyen abu (dark matter).

Wata ɗaliba da ta ga an nuna nauyin da launin shuɗi a taswirar ta ce, "Malam, ashe ɓoyayyen abun shuɗi ne?" Na bayyana mata cewa masu hoton ne suka zaɓi launin, domin taswirar lissafi ce, ba a ga abun da ido ba.

Ni dai ban gamsu da misali ɗaya ba, kuma ina ganin bai kamata a gamsu ba. A 2014 an ga irin wannan rata a wani ƙaramin rukunin galaksi, a 2015 kuma masanin taurari David Harvey da tawagarsa suka haɗa bayanan karo 72 irin wannan suka nazarta. Ƙananan rukunai sun fi manyan gungu yawa, saboda haka su ne za su fi nuna ko ɓoyayyen abu yana ɗan gogayya da junansa, sai dai lanƙwasar haskensu ba ta da ƙarfi. Da muka gwada ɗaya, mun kasa tantance tsakiyar nauyinsa.