Mako na bakwai: furen yakuwa ya fara kama da na gona

'Yan uwa masu koyon ƙera furanni da ƙullu, barkanmu da war haka. Wannan makon na zubar da ƙullu biyu kafin na uku ya yi, don haka bari in faɗa muku inda na yi tuntuɓe.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, abin da muke murzawa ba yumɓun ƙasa ba ne. Sitacin masara ne da farin gam na kafintoci, kofi ɗaya-ɗaya, sai cokali 2 na man jarirai da cokali 1 na ruwan lemon tsami don kada ya yi fumfuna. Ana ce masa tangaran na sanyi domin ba ya shiga wutar gashi, iska ce ke busar da shi. A Ajantina da Burazil sana'ar ta fi bunƙasa.

Ƙullun farko na bar shi a wuta ya wuce lokaci, ya zama kamar roba, ko yatsa ba ya karɓa. A ƙaramar wuta ake tuƙa shi kamar tuwo, da zarar ya saki gefen tukunya ya haɗe wuri ɗaya, a sauke. Na biyun kuwa gaggawa ce ta ci ni. Ban bar shi ya kwana a leda ba, sai ganyen furen suka tsattsage tun ban ɗaura su a wayar ƙarfe ba. Ku shafa basilin a hannu, ku murza shi da ɗuminsa, ku naɗe ya yi awa 24.

Hunturu ma ya ƙara mini aiki. Iskar Kano a watan Janairu tana shanye ƙullu kafin a gama fasalta ganye ɗaya. Yanzu gutsure kaɗan nake ɗiba, sauran yana rufe a leda, a gefena kuma akwai tsumma mai laima.

Abin da ya canja aikin gaba ɗaya shi ne na daina kwaikwayon hoto a waya. A ƙarshen damina na tsinko furen yakuwa a bayan gida, na warware shi a kan tire, na zana kowane ganye a takarda, domin da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yi yaushi. Ganye biyar ne, kowane ya ɗan hau kan na kusa da shi kamar an murɗa su. Launinsa ba fari ba ne sak, yana da ɗan rawaya, tsakiyarsa kuma ja ne mai duhu da ke bajewa sama a siraran layuka. Duk furannin da na yi a baya sun yi kauri, shi ya sa ƙanwata ta ce sun yi kama da na kan kek, kuma gaskiyarta.

Injin murza taliya na Umma ya raba gardama. Na sa ƙullun tsakanin leda biyu na bi da shi, sannan na sirantar da bakin ganyen da bayan ƙaramin cokali a tafin hannu har haske na ratsa shi. Jijiyoyin kuma da tsinken sakace na ja su.

Ku kula da launi: yana ƙara duhu idan ya bushe, ƙullun ma yana tsukewa, ganyen da na yanka santimita 5 ya dawo 4 da ɗan wani abu. Sai an haɗa ɗigon farin fenti a ƙullun, in ba haka ba zai bushe garai-garai kamar kitse. Jan tsakiyar da garin alli mai launi na shafa shi da busasshen burushi, bayan ya kwana biyu.

Ƙoƙon zoɓon da ke riƙe furen daga ƙasa har yanzu yana ba ni wuya, nawa yana fitowa kamar tattasai. Shi zan sa a gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.